Gemuna da Takunkumin Feshi

Agege, daren Laraba, 2001

Har yanzu kaina sarawa yake. Yau ma warin fenti ya shigo mini cikin takunkumin nan mai gilashi, alhali na wanke shi, na canja matatar iskarsa, na ɗaure tam. Ogan wurin aikinmu ya sa na toshe matatar da tafin hannu na ja numfashi. Sai iska ta kutso ta gefen haɓata.

Ya ce, "Malam Sani, gemunka ne ke hana robar kama fata. Ko ka aske, ko ka bar ɗakin feshi."

Gemun da na tsayar tun rasuwar Baba! Na dai sayo reza. Ga ta kan tabarma, ina ta tari, na kasa ɗauka.