Almakashin Nanay

Toledo, 4 ga Maris

Zuwa ga yayata, Ate Nenita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Nanay, mahaifiyarmu? Har yanzu jakar tafiyarta na nan a bakin ƙofa?

Ate, na je ganawar neman zama 'yar ƙasa, na dawo jiki a sanyaye. Tambayoyin tarihin Amurka da na yi wata uku ina hadda duk na cinye. Sai matar ofishin ta jawo takardun aurena. Wai tunda ta hanyar Wendell na samu katin zama, kuma mun rabu, in kawo shaidar cewa auren gaske muka yi, ba na takarda ba. Ni Perlita! Shekara huɗu ina wanke wa mutumin nan safa.

Kin san aikinmu na jinyar tsofaffi, kwana shida a mako a gidan tsohuwa kike. Don wasiƙu su riƙa iske ni, adireshin Misis Kowalski, tsohuwar da nake jinya, na sa a lasisin tuƙi da komai, yadda duk 'yan garinmu ke yi. Ashe a rubuce ban taɓa zama gida ɗaya da mijina ba.

Kwana talatin aka ba ni. Ki aiko mini da kundin hotunan bikin da na turo muku a kwalin Kirsimeti. Don Nanay nake wannan wahala, sai 'yar ƙasa ke da ikon ɗauko uwarta.

Ƙanwarki,
Perlita

15 ga Maris

Ate Nenita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni dai ga ni nan.

Na zubar da girmana na je wurin Wendell. Ko ciki bai ce in shiga ba. Na ce, "Layi biyu kawai za ka rubuta, ka ce ni matarka ce." Ya ce, "Matata? Matar tsohuwar nan dai. Ni ran Lahadi kawai nake ganinki." Na ce, "To tumbin nan fa, farfesun adobon wa ya gina shi?" Ya rufe ƙofa.

Misis Kowalski da ta yi rawa a bikinmu, yanzu tsufa ya rikita ta, da sunan ƙanwarta da ta mutu take kirana, ba za ta iya yi mini shaida ba. Lauya kuma ta ce in na kasa, har katin zaman ana iya tuhuma. Garin neman gira zan rasa ido. Tsoro nake ji, Ate. Hotunan nan kaɗai suka rage mini.

Taki,
Perlita

29 ga Maris

Ate,

Ina gaishe ku duka. Kundin ya iso, na gode. Na san ba ki buɗe ba, da ba ki ɓata lokacinki ba.

Nanay ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da almakashinta na ɗinki, ta yanke Wendell. Ga ni cikin farar riga ina dariya, kusa da ni rami. A coci rami, wurin yanka kek rami. Hannunsa kawai ya tsira a kafaɗata, a hoto ɗaya. Na yi dariya har na ɓuge da kuka.

Kada ki gaya mata. Ranar da ta ji ya sake ni ta yi, na sani, don so ta yi.

Jibi zan kai wa matar ofishin hannun, ban sa rai ba. Jakar nan ta bakin ƙofa, ki riƙa zare kayan kaɗan-kaɗan kina mayarwa cikin kabad, yadda ba za ta lura ba. Ki fara da rigar sanyin.

Ƙanwarki mai kewarku,
Perlita