Kifayen matata ba su san ta rasu ba

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa leƙo katangata a Madarunfa ya riga ya gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, masu dariya kuma su yi ta a hankali, tsoho ne ke magana. Lekol ɗina, wato boko, aji uku ne, mushe malaminmu ya ce ƙarnin kifina na hana yara karatu, ni kuma na yi zuciya, to in kun ga rubutu ya karkace ku daidaita da kanku.

Ni masunci ne, a tabki na yi furfura. Da ƙuruciya kifin da nake jawowa sai an kama mini, daga baya ya koma wanda in ka sa a miya sai ka nemo shi da cokali. Ana haka wani furoje, shirin tallafi, ya zo wa mata da kiwon tarwaɗa, matata Allah ya jiƙanta ta shiga, aka gina mata basan, wato kwamin siminti, a bayan ɗaki. Ta dawo daga taro tana ba ni labari wai kifin kiwo ne yanzu ke ci da jama'a da yawa a duniya, har mutanen bakin teku kiwo suke. Na ce lalle duniya ta shiga uku in bayan ɗakinmu take jira. Daga ranar na sa mata Madam Furoje, ita kuma ta sa mini Sarkin Ruwa maras kifi, da haka muke gaisawa har gaban baƙi. Amma da damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, kifin nan nata ne a miyarmu da ta maƙwabta, mai jego a unguwa kuwa sai an kai mata kwano. Ban fasa tsiya ba, amma ƙari nake nema.

Ta zuba sababbin 'ya'yan kifi, sun fara tasawa kenan ta kwanta, muka kai ta likita a Maraɗi, ba ta dawo da ƙafarta ba. Bayan an watse zaman makoki na ɗauki kwanon abincinsu na je bakin basan, na watsa, shiru. Su da in ta zo ruwan har tafasa yake, ni sai su laɓe a ƙasa kamar ɗan duwan, wato kwastan, ne ya zo bincike. Sai na bar wurin su ɗan tsakura. Ni da na yi rayuwata ina farautar danginsu, ban ga laifinsu ba.

Wata safiya na fito ban ga takalmina ba, sai silifanta a bakin ƙofa inda ta bar su, na zura. Sun yi mini kaɗan, dunduniya a waje, dole na riƙa ja. Ita dama jan ƙafar hagu take saboda ciwon gwiwa. Wallahi tun ban kai ba na ji ruwa ya hautsine, duk sun taso, bakuna a buɗe, gashin baki na rawa. Ashe ba fuskarta suka sani ba, takunta suka sani. Tun daga nan safe da la'asar ni ne cikin silifan mace ina jan hagu. Maƙwabcina Malam Idi ya leƙo ya gani, ya ce ranar da zan ɗaura zane in aika mishi ya zo da kujera.

Abin da ban gaya wa Malam Idi ba shi ne, in ina ja, ba ƙafata nake ji ba. Ita nake ji tana tahowa, har nakan waiga in ce Madam Furoje an makara. Kuma kwanan baya da hantsi ina zaune gindin dogon yaro, silifan suna bakin ƙofa ina ganinsu, sai ruwan ya tashi da kanshi, irin tashin cin abinci, ba kowa a wurin. Ɗiyata Balki ta ce ƙadangare ne ya faɗa. Wataƙila. Ni dai na tsinci kaina na matsa gefe a kan tabarma.

Ga inda maganar take. Kifin sun wuce lokacin kwasa, manya sun fara cinye ƙanana, kullum raguwa suke. Balki ita ta gaji gurbin uwarta a ƙungiyar mata, tana son a tsiyaye ruwa a kwashe, a yi bandar wasu, a raba wasu, a zuba sababbi kafin rumbu ya sake yin ƙasa. Tana da yara, maƙwabta ma sun saba. Na ce a ƙara mako, ta ƙara, na ce a sake. Shekaranjiya ta ce mini Baba, Inna ba don kallo ta yi kiwon nan ba, don a ci ta yi. Na ce ni ne maigida, basan kuma cikin gidana yake. Ta yi kuka ta tafi, ba ta ko ɗauki kwanonta ba. Gaskiyarta, na sani. Da uwarta na nan da tuni ta ce Sarkin Ruwa ya koma gadin kifi.

Amma sababbin da za a zuba takun Balki za su koya. Duk duniyar nan da ake cewa kifi na ciyarwa, ba sauran mai jin wanga taku ya taso sai su, sai ni. In aka kwashe su saura ni kaɗai, ni kuma ba ni da wanda zan ja wa.

To jama'a mi kuka gani? In bar yarinya ta kwashe jikokina su ci, in zauna in ci tare da su, in har zai haɗiyu? Ko in roƙe ta ta bar mini ko biyu a tsohon baho, ko wannan ƙara wa kaina ciwo ne? Malaman gurup kuma ku faɗa mini ko akwai laifi a abin da nake, don liman ban iya kai mishi zancen silifa ba.

Kada wani ya ce in ɓoye silifan in huta, na gwada. Jiya na sa su cikin buhu na ɗaure, na zura nawa takalman na nufi masallaci, ina tsakiyar hanya na ji ta a bayana. Na duba, ƙafata ce ta hagu, ita kaɗai take ja.