Rasuwar Alhaji Sabitu Yero da Dutsen da Aka Bari a Hanyar Zungur

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Direbobin Dogon Zango ta Ƙofar Ran, Bauchi, tana sanar da mambobinta da sauran jama'a cewa ta sami labarin rasuwar Uban Ƙungiya kuma Shugaban Kwamitinta na Horo da Ladabtarwa, Alhaji Sabitu Yero, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Asabar, 11 ga Yuli, 2009, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, yana da shekara sittin da takwas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun jinkirta wannan sanarwa har bayan addu'ar bakwai, ba don sakaci ba, sai don ba ma sa hannu a kan abin da ba mu tabbatar ba.

Marigayin ya riƙe sitiyarin tirela shekara talatin da shida, yana jigilar auduga da siminti da taki tsakanin Bauchi, Legas, Fatakwal da Maiduguri, ba tare da ya taɓa jikkata ɗan Adam ko dabbar wani ba. Mai sa hannu a wannan takarda, wanda ya yi aikin duba lafiyar motoci kafin ya yi ritaya, ya tsayar da motar marigayin sau da yawa yana neman abin kamawa. Sau ɗaya tak ya sami madubi a tsage, shi ma sabonsa yana ƙarƙashin kujera, a naɗe cikin tsumma.

Bayan da ya ajiye tuƙi, Alhaji Sabitu ya shekara takwas yana karantar da direbobi kyauta a rumfar gareji, duk Asabar da ƙarfe takwas daidai. A wurinsa suka koyi zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska kowace safiya, da jiran allurar iska ta hau kafin a motsa mota, da shiga ƙaramar giya tun ana kan tudu, ba sai an tsunduma cikin gangara birki ya yi zafi ba. Ya hana su tuƙin da ya wuce awa huɗu babu hutu, ya hana su shan ƙwayar korar barci. Amma akwai ƙa'ida ɗaya da ya fi nanatawa. Idan tirela ta lalace a kan titi, a sa mata katakon waigi a tokare taya, a kafa alamar nan mai kusurwa uku gaba da baya. Wanda larura ta sa ya tokare taya da dutse, ya shimfiɗa ganye don gargaɗi, kamar yadda muka saba, to wajibi ne ya kwashe su da hannunsa kafin ya tashi, sannan ya taka da ƙafa ya sake duba wurin. Har ta kai in direba ya zo yi masa sallama, ba ya ce masa a sauka lafiya sai ya fara ce masa ya tuna da dutsensa. Ana yi masa dariya a kan haka, shi ma yana taya su.

A safiyar da ya rasu, marigayin ya taso a kan babur daga gonarsa ta Zungur zai zo wannan darasi. A wata kwana ya ratse wa motar haya da ta shigo hannunsa, ya bi ta kan rassan dalbejiya da ke zube a gefen kwalta. Dutse ne a ƙarƙashinsu. Mai sa hannu ya je wurin da kansa da tef ɗin awo: dutsen yana ƙafa uku da inci huɗu daga bakin kwalta zuwa ciki, jikinsa da baƙin shatin taya, ga tabon man giya a gabansa.

Ƙungiya tana baƙin cikin bayyana abin da ya biyo baya. A zaman makoki, wasu mambobinmu sun zauna a kan tabarmar gidan marigayin, sun sha ruwan gidansa, sannan suka shaida wa mai ɗakinsa, Hajiya A'i, cewa idon Alhaji ne ya yi rauni, kuma sun sha ba shi shawara ya daina hawa babur. Baiwar Allah ta kwana bakwai tana zargin kanta da cewa ita ce ba ta hana shi fita ba. Takardar gwajin idonsa ta watan Maris ɗin bana tana cikin fayil ɗinsa a ofishinmu, don shi ne ya sa doka kowa ya yi gwajin duk shekara, kuma shi ya fara shiga layi. Idonsa lafiya lau yake.

Ba daga bakin ɗan ƙungiya muka ji gaskiya ba. Mista Akinwale, makaniken manyan motoci, wanda bai taɓa zama a rumfar darasi ba, shi ya tako har ofis ya ce shi ya gyara tirelar da ta lalace a wannan kwana ranar Juma'a da la'asar, ya kuma ce wa direban ya kawar da dutsen, direban ya amsa masa da cewa lodi na jiransa. Wannan direba mamba ne mai rajista. Marigayin ne ya koya masa ja da baya da tirela, shi ya tsaya masa ya sami lasisi, kuma sa hannun marigayin ne a kan takardar shaidar horonsa. Mutum biyar cikinmu sun san haka tun ranar jana'iza, suka bi sahu aka yi salla, kuma su ne suka je suka gaya wa Hajiya A'i maganar idon.

Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya ajiye a kan hanya, balle ta halatta a ɗora laifin a kan mamaci don ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Saboda haka Kwamitin Zartarwa ya dakatar da direban, ya miƙa bayanin Mista Akinwale ga hukuma, ya kuma umarci mutanen nan biyar su koma gidan marigayin da rana tsaka su janye maganarsu a gaban Hajiya A'i.

A madadin Shugaba, dattawan ƙungiya da mambobin da suka riƙe amana, muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya A'i, da 'ya'yansa Malam Mansir, Malama Bilkisu da Malama Zinariya, da jikokinsa, da ɗaukacin jama'ar Ƙofar Ran. Hajiya, ki kwantar da hankalinki: babu laifinki, babu laifin maigidanki. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanya Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba ku juriyar wannan rashi da haƙurin abin da aka ƙara muku a kansa.

Darasin Asabar zai ci gaba da ƙarfe takwas daidai. Dutsen kuwa mun ɗauko shi, yana kan teburin da marigayin yake zama. Ba mu rubuta sunan mai shi a nan ba, domin marigayin bai taɓa tozarta ɗalibinsa a bainar jama'a ba. Babu wanda aka yarda ya taɓa dutsen nan sai wanda ya bar shi, ranar da ya zo ya ɗauke shi da hannunsa, a gaban aji.

Sa hannu:
Alhaji Babayo Ɗanlarai
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiya
Ƙungiyar Direbobin Dogon Zango ta Ƙofar Ran, Bauchi
20 ga Yuli, 2009