Gungumen da Ka Hana Ni

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don inda kake babu mai kai saƙo. Shi ya sa ma na iya rubuta ta. Da kana raye da ka karanta layi biyu ka ninke ta, ka ce Umaru ya fara surutunsa. Ka yi haƙuri da munin rubutun, da hannun hagu nake yi, kuma kai ka fi kowa sanin dalili.

Gida lafiya lau. Inna ta rame, amma tana cin tuwo. Matarka Luba tana cikin takaba, yara sun koma makaranta. Arɗon Dodoru ya zo gaisuwa da mutanensa, suka zauna suna yabonka, wai tunda ka fara kai musu allurar shanu ba su ƙara asarar maraƙi ba. Na zauna ina jin su, ina amsa amin da baki.

Motarka kuwa tana nan ƙofar gida a Gwandu inda ka bar ta. Iskar gefen hagu ta tsiyaye, ta karkace kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Duk ranar da na zo daga Kalgo na gan ta sai raina ya ɓaci. Ka tuna ranar da ka shigo da ita daga Kwatano? Mota mai gado, mai wurin girki, mai firij, duk garin ya fito kallo. Ka je har garejina a Kalgo ka ce in rufe in bi ka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na rufe na bi ka, don kai ne babba. Yanzu ni ne mai hannu ɗayan, kuma jinkar tawa ni kaɗai nake fama da ita.

Ni na gane maka kan motar nan, ko ka manta? Kai dai ka iya tuƙi da taƙama. Ni na gano cewa a kan jakunkunan iska take zaune, kowane gefe da nasa maɓalli a kusa da sitiyari, a hura ko a sace. Ni na gano cewa firjin nan mai aiki da gas ba ya sanyi in motar ta karkata, kuma in bai yi sanyi ba maganin allurar ya lalace. Da damina ba ma iya tsayawa a fadama don kada mu nutse, dole sai a gangaren tudu. Sai in cika kwanon sha da ruwa in ajiye a tsakiyar motar. Gefen da ruwan ya taru shi ne ƙasa, a hura masa iska, ko a rage wa ɗayan, har ruwan ya kwanta daidai da bakin kwano. Wannan dabarar tawa ce, amma a gaban Fulani kai ne kake nuna ta kana murmushi, kamar a cikin uwa ka koyo ta. Ban taɓa ce maka komai ba.

Abu ɗaya na roƙe ka, gungume biyu. Na sa aka sassaƙo su da itacen kirya, don in zan shiga ƙarƙashi in tokare ƙarfen motar da su. Na gaya maka iska ba abin dogaro ba ce, tiyo ɗaya ya huje shi ke nan. Ka ɗauke su da hannunka ka jefar a zaure, wai suna ɓata maka kafet, wai motar Turawa ce ba motar itace ba, kada mutane su raina ka. To wa ya raina ka yanzu? Wa ma yake ta kafet ɗin?

Bari in tuna maka ranar, tunda kai ka ba da ita ta wata fuska. Safiya ce a Dodoru, an kwana ana ruwa, muka tsaya a gangaren da ke sama da fadama. Shanu sun taru, Arɗo yana jira, kai kuma kana sauri. Jakar baya ta hagu tana yoyo, ka hura ta har ƙarshe, ka ce in shiga in ɗaure tiyon. Na ce babu gungume. Ka dube ni a gaban mutane ka tambaya ko tsoro nake ji. Na kwanta cikin laka na shiga, na zura hannun dama tsakanin ƙarfen motar da na taya. Kai kuma ka hau ciki kana duban kwano.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna, har matata. Na ji ƙarar maɓallin, Yaya. Shekara huɗu ina aiki da motar nan, na san kukan tiyo in ya fashe, na san kukan iska in mutum ne ya sace ta da yatsa. Ka hura hagu ya wuce kima, ruwa ya koma dama, sai ka danna ka rage hagu. Idonka na kan kwano, ka manta ɗan'uwanka na ƙasa. Motar ta sauko ta murƙushe mini hannun dama. Na san ba da gangan ka yi ba, ban taɓa zarginka da wannan ba. Da ka fito ka ce ka yi kuskure, wallahi da tun a gadon asibiti na yafe maka.

Amma me ka ce? Kafin in farfaɗo ka riga ka gaya wa kowa cewa ni na shiga ba a sa ni ba, na fizgi tiyo da garaje ya fashe. Inna ta zo tana kuka tana yi mini faɗan gaggawa. Abokan sana'ata a Kalgo, waɗanda ni na koya wa wasunsu riƙon sifana, suka riƙa ba da misali da ni, wai ga makanikin da ya shiga ƙarƙashin mota babu tokari. Ka biya kuɗin asibiti, ka riƙa aiko mana hatsi, mutane suna cewa Allah ya ba kowa wa irin Bello. Ni kuma ina cin hatsinka da hannun hagu, ina gaisawa da manya da hannun hagu ina ba da haƙuri. Shekara shida ke nan. Ka san yadda tuwon nan yake wucewa a maƙogwarona?

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Da ciwo ya kwantar da kai ka aiko sau biyu in zo. Na farko na ce ba ni da lafiya. Na biyu na hau mota daga Kalgo har Gwandu, na tsaya a ƙofar gida, na ga motar nan, na juya. Wataƙila abin da nake jira ne kake son faɗa. Wataƙila kuma so kake ka ce in kula da yara. Ba zan taɓa sani ba, kuma wannan ma haushinka nake ji a kai. Shekara shida kana da baki, don me sai da numfashi ya rage?

Makon jiya Luba ta ba ni makulli in kwashe sauran magani daga motar. Na ɗaga katifar gadon baya, sai ga gungume biyu na kirya a ƙarƙashi, an naɗe su da buhu. Ba nawa ba ne, nawa tuni aka yi girki da su. Waɗannan duk jikinsu shatar ƙarfe ne da baƙin mai, an daɗe ana aiki da su. Ashe tun bayan abin kake tokare motar in za ka shiga, kana ɓoye su don kada a gani a tambaye ka. Ashe ka sani sarai. Ka tsare naka hannun, ka bar ni da sunan mai garaje. Na zauna a bakin gadon, na rasa wanda zan zaga.

Jibi za a yi addu'ar arba'in. Tun ranar jana'iza Inna take bi na da tambaya ɗaya, ko na yafe maka. Ba ta san komai ba, amma uwa ce, ta ga yadda nake zama in an ambaci sunanka. Ta ce ba za ta samu barci ba sai ta ji daga bakina, don tana tsoron a tsare ka da haƙƙin wani. Ba zan tona ka ba, yaranka ba su yi mini komai ba, su ci gaba da riƙe uban da suka sani. Amma ba zan yi wa Inna ƙarya ba. Zan ce mata ta ba ni lokaci, za ta yi kuka, kuma kukan nan a wuyanka yake.

Akwai abin da ba ka gani ba ranar da aka kai ka. Da aka sa ka a kabari, aka zo jera itace a kanka kafin a zuba ƙasa, mutane suka ce in matsa, mai hannu ɗaya ba zai iya ba. Na ƙi. Na durƙusa na jera su da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya, na toshe kowace kafa da laka, ban bar wurin da ƙasa za ta faɗo maka ba. Ni ban hana ka itace ba, Yaya.

Ka kwanta, babu abin da zai danne ka. Allah ya jiƙanka, wannan ina roƙa maka da gaske. Yafiyata kuwa sai ka jira, ni ma na jira.

Ƙanenka Umaru,
da hannun da ka bar mini,
Kalgo.