Takardar Harbin Yaya Nura

Daren Asabar, Suleja

Littafina, ka yafe mini karambani, yarinya kamata da zancen bindiga. Amma raina ya ɓaci.

Yaya Nura ya zo hutu daga horon aikin tsaro, ya kawo takardar da ya harba a filin gwaji don Baba ya gani, tunda ya ci jarrabawar. Ramukan sun taru kusa da tsakiya. Sai Kawu Sale ya karɓa, yana zura yatsa a ciki yana dariya. "Wannan ne harbin? A fim rami ɗaya harsasai suke bi duka. Ko maharban ƙauyen Iku sun fi ka, soja."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, bindigar nan mai ɗura kanta bayan kowane harbi, ko ɗaure ta aka yi a tebur, harsashi ba ya bin rami ɗaya. Malaminmu ya ce daga mita ɗari, in tafin hannu ya rufe ramukan, an yi ƙoƙari."

"To, malamin ma a sake masa horo!"

Har Baba ya yi dariya, wannan ya fi ƙona ni. Kawun da bai taɓa riƙe ko danƙon harbin tsuntsu ba! Ni kuwa sai dai na harare shi ta gefen ido, don ba a mayar wa babba magana.

Yaya ya dunƙule takardar ya jefar, ya ce gobe zai koma. Ɗazu na tsince ta bayan randa, na miƙe ta, na ɗora hannuna. Duka ramukan na rufe su, kuma hannuna ƙarami ne. Da safe zan nuna wa Baba kafin Yaya ya ɗauki jaka.