A Mayar wa Mahaifina da Takensa

Zuwa ga Shugaban Shirin Barkwanci na Gidan Talabijin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Gwashi a Bukkuyum, kuma ina cikin masu son shirinku. Koke gare ni, ba faɗa ba.

Na farko. Bayan girbin bara kun gayyaci makaɗin noman garinmu, Audu Makaɗi, ya yi kiɗa a gaban 'yan kallo. Kun ce masa shi zai buɗe shiri, sai ya zaɓi abin da ya fi daraja a hannunsa, wato taken mahaifina, Sarkin Noman ƙauyenmu. Take ba kiɗan kowa da kowa ba ne. Sunan mutum ne a bakin ganga, kuma a yankinmu ko tsohuwar da ba ta gani, in ta ji wannan, ta san Baba ake kira.

Na biyu. Yana tsakiyar kiɗan kuka turo ɗan wasanku da fartanya a kafaɗa, ya yi sara ɗaya, ya yi hamma, ya kwanta cikin kunyar gona yana minshari. Ba wanda ya gaya wa Audu za a yi haka. A wurinmu makaɗi ba ya yanke taken mutum a tsakiya, don cin mutunci ne, dole ya kai shi ƙarshe mutane suna ta ƙyaƙyata dariya. Na yarda yaron ya iya hamma, Allah ya ba shi. Amma a kan sunan ubana ya yi ta.

Na uku. Hoton ya shiga wayoyi, daga Gummi har Anka. Mutumin da samari ke gudun yin layi ɗaya da shi a gayya, yau in ya wuce kasuwa sai wani ya yi hamma a bayansa. Baba ya daina fita majalisa. Audu kuwa, amininsa tun suna samari, kunya ta hana shi taka ƙofar gidanmu. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranka ya daɗe, na san ba da gangan kuka yi ba. Kun ji kiɗan noma, kuka ɗora wasan noma. Roƙona biyu ne. Nan gaba ku tambayi makaɗi kiɗan wa zai yi. Sannan ku sake kiran Audu, ku faɗi sunan mai taken, ku bar masa dandalin shi kaɗai har ya gama.

Damina ta kusa, kuma Baba ya riga ya ce a yi gayyar bana ba ganga. Ya tsufa, ban san damina nawa ta rage masa ba, kuma ba na son ya yi wannan cikin shiru.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare mutuncinku da na iyayenku.

Wassalam.
Naku, babban ɗan Sarkin Noma.