Babi na Tara

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafar taka? Umma ta ce ka ɗauke mana ƙafa, ta ce in gaishe ka.

Sau bakwai na kira ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto. Kawu, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Laburaren nan na kwamfuta da ka riƙe shekara goma sha tara, mai karanta fayilolin da injin fassara ke fitarwa kafin a haɗa su su zama manhaja, ya fara ɓata wa masu injinan saƙa aiki. Duk sanda ya karanta tsohon tsarin fayil ɗinsu, sai adireshin komai da ke cikin fayil ɗin ya zame. Manaja ya ba ni zuwa Juma'a, ko in gyara ko ya nemo wanda zai iya.

Na san ka yi bayaninsa a babi na tara na kundin cikin gida. Da aka ce in sabunta kundin bayan tafiyarka, na cire babin, a zatona babu mai amfani da tsarin. Da muka koma sabuwar ma'ajiyar fayiloli kuma, ba a kwaso tarihin canje-canje ba. Babin ya ɓata ɓat. Don Allah ka taimake ni.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, tunda yanzu ba ta hawa benen kowa.

Ashe akwai abin da tsoho ya sani? Ni da aka ce ina cika kundi da surutu. Wata takwas na yi ina rubuta kundin nan, a kan teburin da ke jikin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigo, da bokiti a gefena. Duk abin da ke kaina na juye, har kurakuran da na yi da kaina na rubuta don kada wani ya maimaita. Na gama ranar Litinin, ranar Laraba aka yi mini godiya aka sallame ni. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani a teburin Manaja ran nan. Takarda ce da ke cewa kundin ya cika, sashen zai tafi daidai ba tare da ni ba. Na san sa hannun, don ni na koya miki riƙe biro. Ni na kawo ki wurin nan, na zaunar da ke kusa da ni shekara huɗu. Wata goma sha ɗaya kina gaishe ni ba ki taɓa faɗa mini ba. Ciwon yana nan, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaida mahaifiyarki.

Kawunki

*

Kawu,

Ina sake gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin matakala, na kasa komawa ciki.

Ni na sa hannun. Manaja ya tambaye ni, "Kundin nan ya isa mutum ya riƙe laburaren shi kaɗai?" Na ce ya isa har ya yi yawa, don ina alfahari da aikinka. Sai ya turo takarda. Zan so in ce ban gane inda aka dosa ba, amma ƙarya ce. Na gane kafin in ajiye biron, kuma kujerar ta ba ni sha'awa.

Babin ma ba don rashin amfani kawai na cire ba. Kowane shafi muryarka ce, "kada ki yi kaza, na gwada ya ƙone ni." Na kasa karantawa kullum.

Ban cancanci taimako ba. Amma saura kwana uku.

Auta

*

Auta,

Salam. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, don haka buɗe kunnenki.

Tsohon tsarin ba ya ƙirga adireshi daga farkon fayil, daga farkon sashe yake farawa. Kuma idan sashen babu komai a cikinsa, injinsu yana rubuta girmansa huɗu maimakon sifiri. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, sai da na yi mako uku a masaƙar, ƙara na cika mini kunne, kafin na gano. Akwai layi biyu a wurin karanta sassa da suke kama da shirme. Na tabbata kin share su da kina "tsabtacewa". Ki mayar.

Sauran shawara kyauta ce. Ki gyara, amma kada ki rubuta dalilin a kundi. Ki bar shi a kanki. In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama da wuta, kin san sauran maganar.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa da godiya. Na mayar da layukan, injinan sun tashi tun Alhamis.

Shawararka ta biyu ce na kasa bi. Na zauna in bar wurin fayau, sai na tuna wadda za ta zo bayana ta yi ta lalube kamar yadda na yi. Na rubuta babin duka, na sa sunanka a samansa. Manaja ya karanta, ya ce bai taɓa ganin bayani mai kyau haka ba, yanzu kowa zai iya.

Ɗazu sakatariyarsa ta leƙo ta ce yana son ganina gobe da ƙarfe goma, in taho da katin shiga ofis.

Kada ka faɗa wa Umma tukuna. Idan na fito, zan biyo ta gidanka, in za ka buɗe mini.

'Yarka,
Auta